Daga Yerwa zuwa Jere: Tarihin Wakilcin Maiduguri a Majalisa da Matsalar Kalmar "Mazaɓa"

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda garin Maiduguri ya riƙa samun wakilci a majalisun dokoki tun daga 1947 har zuwa zaɓen 2023, tare da duba wata kalma ta Hausa wadda tarihin yake rataye a wuyanta, wato "mazaɓa". Abin da ya jawo hankalina ga batun ƙaramin al'amari ne. Da aiki ya kawo ni garin nan na kama haya a unguwar Gomari, kusa da filin jirgin sama. Duk wanda ya tambaye ni inda nake zaune sai in ce Maiduguri, haka kuma nake rubutawa a kowace takarda. Sai da na mayar da rajistar zaɓena nan, sannan na ga cewa a idon doka ba a Maiduguri nake ba. Gomari gunduma ce ta Ƙaramar Hukumar Jere, wadda hedkwatarta take Khaddamari, can bayan gari, kuma wakilinmu a Majalisar Wakilai ta Tarayya daban yake da na mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su.

2.0 Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Masana tasarifin Hausa sun daɗe da bayyana cewa ɗafa-goshin "ma-" yana samar da sunan mai aikatawa, da sunan wuri, da sunan kayan aiki. Daga aikatau "ƙera" ana samun "maƙeri", jam'insa "maƙera", sannan ana samun "maƙera" wato wurin da ake yin ƙira. A rubutun yau da kullum ba a bambanta su, domin ba ma sa alamar karin sauti. A baki kuwa bambancin a fili yake: sunan wuri yana ɗauke da karin sama a dukkan gaɓoɓinsa, shi kuwa jam'in masu aikatawa gaɓarsa ta tsakiya tana da karin ƙasa. Haka abin yake a "marina" da "majema" da "masaƙa" da "mahauta".

Idan aka bi wannan ƙa'ida, aikatau "zaɓa" yana iya haifar da "mazaɓa" iri biyu: wurin da ake zaɓe, da mutanen da suke yin zaɓen. Amma Hausar siyasa ta ɗauki ta farko kaɗai, ta yi mata jam'i "mazaɓu", ta bar mutanen da "masu zaɓe" ko "masu jefa ƙuri'a". Ke nan a bakin Bahaushe, abin da ɗan majalisa yake wakilta yanki ne na ƙasa mai iyaka. Wannan ya dace da tsarin da aka gada daga Ingila. Sai dai tarihin Maiduguri, kamar yadda za a gani, cike yake da lokutan da ƙasa ta yi gabas mutane suka yi yamma.

Ita kuwa Barno ta san wannan bambanci tun kafin zuwan Turawa. A zamanin Shehunan Kukawa ana raba iko ga manyan fada ta hanya biyu: akwai "cima cidibe", wanda aka ba wani yanki na ƙasa, akwai kuma "cima jilibe", wanda aka ba wata al'umma, musamman makiyaya, yana bin ta duk inda ta koma. Turawa ne suka rushe wannan a farkon ƙarni na 20, suka yanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace da ajiyanta a zaune, da lawanai da bulamai a ƙarƙashinsa. A kan waɗannan gundumomi aka zo aka ɗora mazaɓu daga baya.

Sauran kalmomin fagen, wato "wakili" da "majalisa" da "ƙuri'a" da "jam'iyya", duk aro ne daga Larabci, kuma sun riga zaɓe shigowa Hausa. "Wakili" a tsarin sarauta mutum ne da babba ya tura ya tsaya a madadinsa wajen na ƙasa. Siyasar zamani ta juya masa fuska, ta ce na ƙasa ne suke tura shi sama. Ba a rana ɗaya wannan juyi ya tabbata ba.

3.0 Kujerar da ba ta da mutane: misalin Ingila

Tun da daga Ingila aka kawo tsarin, ya kamata a ɗan leƙa can, domin su ma sun sha fama da rabuwar ƙasa da mutane. Garin Old Sarum ya fara tura wakilai biyu majalisa a 1295, alhali tun a wannan ƙarni mazaunansa suka fara ƙaura zuwa Salisbury. Garin ya zama kufai a kan tudu, amma kujerunsa biyu suna nan daram, wanda ya mallaki filin shi yake naɗa wanda ya so. Ta wannan kujera William Pitt Babba ya shiga majalisa a 1735. Garin Dunwich kuwa teku ce ta cinye mafi yawansa, shi ma bai fasa tura mutum biyu ba. A daidai lokacin, manyan garuruwan masana'antu irin su Manchesta da Bamingam ba su da kujera tasu ta kansu. Turawa suka riƙa kiran irin waɗannan kujeru "ruɓaɓɓun mazaɓu", har dokar gyaran zaɓe ta 1832 ta soke guda 56 daga cikinsu. Ƙuri'ar asiri ma ba ta zo musu ba sai 1872. Saboda haka abin da aka kawo mana a matsayin gamammen tsari, a gidansa ma faci ne a kan faci.

4.0 Lokacin da lardi ne mazaɓa, 1947 zuwa 1954

Garin da ake magana a kansa sabo ne. A 1907 aka kafa Yerwa, inda Shehu Abubakar Garbai ya tare bayan an bar Kukawa, kusa da wani tsohon ƙauye mai suna Maiduguri, wanda daga baya sunansa ya rufe garin gaba ɗaya. Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya ba Ikko kujerun zaɓe uku, Kalaba ɗaya, amma bai shafi Arewa ba. Gwamna ne yake yi mata doka da kansa. Sai a 1947, ƙarƙashin tsarin Richards, aka buɗe Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna. Wakilan larduna na wannan majalisa hukumomin En'e ne suka tsamo su daga cikin ma'aikatansu. A nan "wakili" yana nan da tsohuwar ma'anarsa sak: wakilin En'e ne, En'e kuwa ta Shehu ce.

Tsarin Macpherson na 1951 ya kawo zaɓe, amma mai hawa-hawa. Maza masu biyan haraji suna taruwa a unguwa ko ƙauye su fitar da mutum a bainar jama'a, waɗanda aka fitar su taru a gunduma su sake tacewa, a yi ta tafiya haka har matakin lardi. A wannan mataki na ƙarshe an yarje wa En'e ta cusa nata mutanen, kimanin kashi 10 cikin 100, waɗanda ba su bi ta kowane zaɓe ba, kuma galibi daga cikinsu ake samun masu nasara. Mutum 90 aka zaɓa zuwa Kaduna ta wannan hanya, daga nan aka tura 68 zuwa Ikko, wato rabin kujeru 136. Abin lura shi ne, a wannan tsari Yerwa ba ta da kujera da sunanta. Lardin Barno ne mazaɓar.

Mutum biyu da suka fito ta wannan tsani sun isa a ambata. Na farko Shettima Kashim Ibrahim, malamin makaranta, wanda ya zama ɗaya daga cikin ministocin Arewa na farko a Ikko a 1952, ya zama Wazirin Barno a 1956, sannan Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Na biyu Ibrahim Imam, haifaffen 1916, ma'aikacin sashen ayyuka na En'e, wanda bai kamata a rikita shi da Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo ba. Shi ne ya zama babban sakataren Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC. Ranar 31 ga Maris 1953, da Anthony Enahoro ya kawo batun samun mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a gyara shi, Ibrahim Imam ne ya tashi ya nemi a ɗage muhawarar, abin da ya sa 'yan Kudu suka fice daga zauren.

A nan akwai wani batu da ya shafi masu nazarin harshe. Ingilishi da Hausa ne harsunan majalisar Kaduna. Wakilin Barno, wanda ya tashi da Barbarci kuma da shi ya nemi goyon baya a gida, dole ya aje shi a bakin ƙofa. Ina ganin wannan yana cikin hanyoyin da kalmomin siyasa na Hausa suka bi suka kafu a Maiduguri, ban da kasuwa da bariki da rediyo.

5.0 Yerwa ta sami kujera, ta rasa wakili

Wannan shi ne zangon da ya fi kowane armashi. A 1954 Ibrahim Imam ya bar NPC. A shekarar ce kuma wasu matasan Barebari, waɗanda suka gaji da yadda ake tafiyar da En'e, suka kafa Jam'iyyar Samarin Barno, BYM. Imam ya zama ubanta, ya ƙulla mata ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano. A zaɓen Jihar Arewa na 1956, mai kujeru 131, an raba larduna zuwa mazaɓu masu wakili ɗai-ɗai, kuma a wasu manyan garuruwa an yi zaɓen kai-tsaye da ƙuri'ar asiri, yayin da karkara ta ci gaba da hawa-hawa. A karon farko ke nan talakan cikin garin Yerwa ya jefa takarda babu bulama a tsaye a kansa. Sakamakon ya girgiza fada: BYM ta ci kujeru biyu, ciki har da ta Imam a cikin gari, kuma ya zama jagoran 'yan hamayya a majalisar Kaduna.

A ganina, a 1956 ne ma'anoni biyu na "mazaɓa" suka fi kusantar juna a tarihin garin. Yankin ƙarami ne, mutanensa sun san juna, kuma wanda suka so shi ya tafi. Amma abin bai ɗore ba. A 1958 BYM ta raba gari da NEPU ta koma ƙawance da jam'iyyar AG ta Awolowo, wadda abokan hamayya suka sami sauƙin siffantawa da cewa ta baƙi ce. A shekarar aka yi tarzoma a garin, aka far wa magoya bayan BYM da gidajensu, har zaman Maiduguri ya gagari Imam. A zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, inda Arewa take da kujeru 174 cikin 312, kuma kowane namiji baligi ya shiga rumfa ya jefa takarda a akwatin da yake ɗauke da alamar da ya so, fartanyar NPC ta mamaye Barno. A wannan zaɓe ne Waziri Ibrahim ya ci kujerar Konduga da Mafa, ƙasar da take maƙwabtaka da garin.

To, sai ga abin mamaki a zaɓen jiha na 1961. Ibrahim Imam ya koma majalisa, amma daga mazaɓar Jemgbar ta ƙasar Tibi, a Lardin Binuwai, inda Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC suka tsayar da shi. Babarbare Musulmi ɗan Yerwa ya zama wakilin manoman Tibi waɗanda ba ya jin harshensu. Turawan ƙarni na 18 ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin haka manyansu suke yi, idan kujera ta kuɓuce a nan a nemo wata a can. Bambancin shi ne, su sayen kujerar suke yi daga mai fili, shi kuwa Imam jama'a ce ta ba shi da ƙuri'arta. Tambayar da ta rage ita ce, wa yake wakilta idan ya miƙe a zauren Kaduna? A takarda, Jemgbar. A zahiri kuwa, muryar waɗancan mutanen Yerwa ce da suka zaɓe shi a 1956, waɗanda taswira ta daina nuna su.

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisun duka. Har zuwa wannan rana babu macen Yerwa ko ɗaya da ta taɓa jefa ƙuri'a. Matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979.

6.0 Wakilin da aka ce ba ɗan ƙasa ba ne

Kafin a dawo mulkin farar hula garin ya sauya kama. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas bayan 1967, ya sami jami'a a 1975, sannan ya zama hedkwatar Jihar Barno a 1976. Unguwannin gefe irin su Gomari suka fara cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina.

A 1979 Barno, wadda ta haɗa da Yobe ta yau, ta sami kujeru 24 cikin 449 na Majalisar Wakilai, da 72 a majalisar jiha. Jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim ce ta kafa gwamnati, Muhammadu Goni ya zama gwamna, alhali NPN ce take riƙe da tarayya. Ranar 24 ga Janairu 1980 aka kama shugaban masu rinjaye na majalisar jiha, Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, aka tsallakar da shi iyaka zuwa Cadi bisa umurnin Ministan Cikin Gida, a kan cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri, a gaban Mai Shari'a Oye Adefila, ta soke umurnin. Ta dogara da tanadin tsarin mulkin 1979 cewa wanda aka haifa a ƙasar nan kafin 'yancin kai, kuma ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta Nijeriya, ɗan ƙasa ne. An haife shi a Maiduguri, mahaifiyarsa kuma 'yar ƙasa ce. Kotu ta ba shi diyyar naira 350,000, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa.

Idan aka jera wannan da labarin Imam za a ga fuska biyu ta abu ɗaya. A 1961 an zaɓi mutum a ƙasar da ba tasa ba, babu wanda ya iya hana shi zama. A 1980 an zaɓi mutum a ƙasar haihuwarsa, aka nemi a ce ƙasar ba tasa ba ce. A gari irin Maiduguri, wanda Barebari da Shuwa da Hausawa da Fulani da Margi da Babur da mutanen Bagarmi suka gina tare, shari'ar Shugaba ba ta mutum ɗaya ba ce.

Tsarin mulkin 1979 ya kuma tanadi cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an kammala shiri. Don share fagen haka ne Hukumar NERDC ta fitar da ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Tanadin ya sake bayyana a sashe na 55 na tsarin mulkin 1999, amma shirin bai kammala ba, Barbarci kuwa ko ambatonsa ba a yi ba.

7.0 Layin 1996

Jamhuriya ta Uku ba ta daɗe ba. A zaɓen 1992 kowace ƙaramar hukuma ta sami kujera ɗaya, jimla 593, sai Janar Abacha ya rushe majalisar a Nuwamba 1993. Abin da ya fi shafar Gomari ya faru ne a 1996, lokacin da aka yanko Jere daga jikin Maiduguri, kuma a wannan shekara aka shata mazaɓun da aka shiga Jamhuriya ta Huɗu da su. Barno ta sami kujeru 10 cikin 360. Birnin Maiduguri ya sami ɗaya, Jere ta sami ɗaya, yayin da a wasu wurare aka haɗa ƙananan hukumomi uku ko huɗu a kujera guda, kamar Bama da Ngala da Kala-Balge. Jere ta kewaye birnin kamar zobe, ta haɗa ƙauyukan noman shinkafa da unguwanni masu cunkoso irin su Gomari da Mairi da Maimusari da Mashamari. Har tsohon ƙauyen nan da ya ba garin sunansa, wanda ake kira Tsohon Maiduguri, a cikin Jere ya faɗa.

Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Maiduguri mutum sama da 500,000, ta ba Jere kimanin 210,000, amma kujerarsu ɗai-ɗai ce. Wato ƙuri'ata a Gomari ta ninka ta abokin aikina da ke Gwange nauyi fiye da sau biyu, idan an yarda da alƙaluman. Sashe na 72 na tsarin mulki ya ce a daidaita yawan jama'ar mazaɓu gwargwadon iko, sashe na 73 kuma ya tanadi a riƙa sake duba iyakokin bayan shekaru goma ko bayan ƙidaya. Har zaɓen 2023 layin 1996 aka yi amfani da shi.

Daga nan sai rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a garin a 2009, ya zo ya kwance abin da ya rage. A 2014 garuruwa irin su Bama da Gwoza da Dikwa da Gamboru suka faɗa hannun mayaƙa, jama'arsu suka kwararo Maiduguri, wasu a sansanoni irin su Bakassi da Dalori, mafi yawa kuwa a gidajen 'yan'uwa da na haya a unguwanni irin tamu. Da aka zo zaɓen 2015, wanda aka ɗage daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, hukumar zaɓe ta kafa wa 'yan gudun hijira rumfuna a cikin Maiduguri, suka zaɓi wakilan garuruwansu na asali daga nan. Wanda ya san labarin Old Sarum zai yi saurin cewa ga kufai yana tura wakili. Kwatancin bai yi daidai ba. A can kujera ta zauna a kan tudu bayan mutane sun watse. A nan kujerar ce ta taso ta biyo mutanenta. Abin ya fi kama da "cima jilibe" na zamanin Kukawa, kuma a ranar nan "mazaɓa" mai karin ƙasa a tsakiya, wadda ba ma faɗa, ita ce ta yi aiki.

Na yarda wannan shi ne adalci a lokacin. Amma yana da tsada. Gwamnatin jiha ta fara rufe sansanonin cikin gari a 2021, wasu suka koma gida, da yawa kuwa suka zauna. Akwai magidanta a layinmu waɗanda suka shekara goma suna shan ruwan Gomari, 'ya'yansu a nan aka haife su, da Hausa suke wasa a waje, amma katin zaɓen uban yana nuna wani gari da rabonsa da shi tun 2014. Doka ta yarda ya mayar da rajistarsa, sai dai a wurinsa yin haka tamkar sallama gonar gado ne. Wakilin da yake zaɓa ba shi da hurumin kwatar unguwar da yake kwana, wanda yake da hurumin kuwa ba ya bin sa bashin ƙuri'a. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumba 2024, ruwan ya taso ya shiga tsakiyar birni, bai tsaya a kan layin 1996 ba.

A majalisar jiha ma lissafin bai cika ba. Sashe na 91 ya ce kujerunta su ninka na jiha a Majalisar Wakilai sau uku ko huɗu, kada su gaza 24 ko su wuce 40. Tun da Barno tana da 10 a tarayya, mafi ƙarancin abin da ya kamata ta samu shi ne 30. Kujeru 28 aka yi takara a kansu a 2023.